Kwalbar Da Na Ɗauko Daga Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da abin da ya same ni a Nima ba, ko da zan manta sunayen jikokina (na ma fara, sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nema). Yau mutane suna ganina da farin mayafi da carbi, ana kawo mini rigima in sasanta, suna zaton da hankalina aka haife ni. To, ku gyara zama.

A wancan zamani Turawa ba su daɗe da tattara nasu sun bar Gana ba. Ina da 'ya'ya uku, ina sayar da koko da ƙosai a bakin babbar kwatar Nima, unguwar baƙi a Ankara, babban birnin Gana. Muna zaune a gidan haya, ƙabila kusan bakwai a tsakar gida ɗaya, ni da maigidana, wanda mahauci ne, da Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina. Ita ce ta rako ni daga Maraɗi da sunan za ta yi wata biyu, sai gawarta ce ta bar gidan.

A bayana, tsakanin kafaɗa da kafaɗa, akwai wata tawadar Allah da aka haife ni da ita. Ana nan, ana nan, sai ta fara tashi. Ta yi tudu, ta kama ƙaiƙayi, in na goya yaro zane ya goge ta sai jini. Ni ban taɓa ganinta ba, don madubin ɗakinmu bai fi tafin hannu ba. Da yatsa nake lalubarta, kuma a yatsana abin ya kai goro, goron ma irin na ɗaurin aure. Na nuna wa maigida, ya leƙa ya ce, "Ɗan mitsitsi ne." Na ce don ba a bayansa yake ba. Ya ce shi mahauci ne, ya san girman nama. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai aka kira Baba Wanzam. Ya zo da zabirarsa, ya sa na juya, ya duba, ya ƙara dubawa, sannan na ji ya naɗe askarsa ya mayar.

"Amariya," ya ce (a Zongo ko kin haifi goma Amariya ce ke), "na yi kaciya, na yi ƙaho, na cire beli ba adadi. Wannan ba na aska ba ne. Abin da ke sauya launi yana jini, akwai mai lafiya, akwai mai cin mutum, wanda ake ce wa daji. Ni ba na iya rabewa. Likitoci suna da abin dubawa, ki je."

Da ya ambaci daji sai tsoro ya kama ni, don wani miki da ya ƙi warkewa shi ya ɗauke mahaifiyata. Na dubi yarana uku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Na ce gobe zan je.

Da safe ina ɗaura zane, Gwaggo ta ja ni gefe ta riƙe mini hannu.

"Duk abin da suka yanka a jikinki, ki dawo da shi gida."

"Gwaggo, za su ba ni?"

"Naki ne ko nasu? Gashin da ya zuba wurin kitso, ina muke kai shi? Farce fa? Cibiyar yaranki uku, wa ya binne su a bayan ɗakin nan? Jinin ƙaho ma rami ake tona masa, balle tsoka guda! Ki bar ta hannun mutanen da ba ki san iyayensu ba, wani ya kai wa boka, a wayi gari kina bin titin Adabraka ba zane? Sannan ranar tashin ƙiyama kowa ya tashi cikakke, ke ki tashi da rami a baya, kina tambayar mala'iku hanyar asibiti?"

Ban ga ƙarya a maganarta ba. Haka muka tashi muka iske ana yi.

Na hau toro-toro, motar hayar can, zuwa wani asibiti a cikin gari. Na zauna a benci tun hantsi har rana ta take, sannan aka kira ni. Likitan saurayi ne, baƙi kamar mu, amma ba ya jin Hausa. Mai taimaka masa, Sista Dede, 'yar ƙabilar Ga ce da ta tashi kusa da Zongo Lane, ita ta iya Hausa irin ta Ankara (mace da namiji duk "kai" ne a wurinta).

"Amariya, ka kwanta rub da ciki. Kar ka motsa."

Na kwanta. Na cusa gefen mayafi a baki, na shirya nuna musu dauriyar 'yan Maraɗi. Aka goge wurin da wani abu mai sanyi, aka soka allura, ta yi zafi kamar harbin rina, daga nan shiru. Ina jin ƙarar almakashi, ina jin ana ɗan jan fata, amma zafi ko kaɗan. Can na ji an jefa wani abu cikin ruwa, tsulum. Aka yi ɗinki uku, aka manna filasta. Sista ta ce in tashi.

"Har an gama?"

"An gama."

Wallahi sai da na ji haushi. Duk dauriyar da na ɗauko daga gida ba a taɓa ta ba.

Da na zauna sai na ga wani faranti a kan tebur, da 'yan kwalabe huɗu a jere, kowace da ruwa a ciki, kowace da takarda manne a jikinta. Na gyara murya.

"Sista, a ba ni abina."

"Wane abu?"

"Wanda aka yanka."

Ta yi dariya ta faɗa wa likita, shi ma ya yi murmushi yana wanke hannu. "Amariya, wannan ba ka tafi da shi. Za a kai shi ɗakin bincike, a yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, a duba a cikin wani madubi mai girmama abu. Shi zai faɗa ko mai kyau ne ko mugu. Bayan sati biyu ka dawo ka ji."

A yanka shi kuma! Maza baƙi su kewaye tsokata suna leƙe! A raina na ce, mugu ne ko nagari ai ya riga ya bar jikina, sauran duban na mene ne? (Kun ji irin lissafin wadda ba ta tambaya.)

Likita ya fita. Sista ta ce in jira ta kawo mini ƙwayoyi, ita ma ta fita. Ya rage daga ni sai kwalabe.

To, ni ba karatu ba, rubutun nan da tafiyar tururuwa duk ɗaya ne a idona. Amma na ce ai uwa ba ta ɓata ɗanta. Na sunkuya na duba. Biyu abin cikinsu bai fi ƙwayar riɗi ba. Ta uku kamar wake. Ta huɗu kuwa, ma sha Allah, abu sosai, goro guda yana lilo a cikin ruwa. Na ce, "Ga ka nan, mugu." Na yi bismilla na ƙulle ta a bakin zane. Sista ta dawo ta ba ni ƙwayoyi, na yi mata godiya har da durƙusawa, na fito ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ina isa gida Gwaggo ta tare ni da ido. Na kwance bakin zane. Ta ce, "'Yar halak!" Ta kira maƙwabciyarmu Mma Ayishetu, Badagomba, wai ta zo ta ga ikon Allah. Mma Ayishetu kuwa in ta ji abu gida ya ji. Kafin la'asar matan gidan duk sun cika ɗakina, kwalba tana yawo daga hannu zuwa hannu.

"Wayyo Amariya! Da wannan a baya kake dakan gero?" in ji wata, da Hausarta ta Ankara.

"Da shi," na ce, ina sunkuyar da kai irin na masu haƙuri.

Mma Ayishetu ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta ƙanƙance ido. "Amma akwai gashi a jikinsa. Fari ma."

Na ɗan shiga shakka, amma Gwaggo ta riga ni magana. "Wahala ce. Abin ya tsufa a jikinta."

Kowa ya gamsu, har da ni.

Gwaggo ta so a fito da shi a wanke kafin a binne, sai murfin ya ƙi buɗuwa. Ta murɗa, Mma Ayishetu ta murɗa da bakin zane, wata Bazabarma ta sa haƙori. Ya ƙi. Sai aka naɗe kwalbar yadda take a cikin farin ƙyalle, aka tona rami a bayan ɗaki kusa da inda cibiyoyin yarana suke, aka rufe, aka aza dutse. Gwaggo ta yi doguwar addu'a, Allah Ya raba mai wannan tsoka da ciwo, Ya ba shi tsawon rai. Muka shafa. Na soya ƙosai kwano guda aka raba sadaka. Maigida ba a nuna masa ba, sha'anin mata ne.

Kwana huɗu ina sarauta a gidan nan. Ba a bari in ɗebo ruwa, ba a bari in ɗauki tukunya. Masu sayen koko suna tsayawa jin labari, ni kuma ina bayarwa. Ranar farko goro ne. Ranar ta uku ya kai ƙwan zabo. Ban san yadda aka yi ba, amma ranar ta huɗu na ji bakina ya ce ƙwan agwagwa.

Rana ta biyar aka yi sunan jikar Mma Ayishetu a gidanmu. An yanka rago da safe, maza suna zaune a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, daga Mamobi, daga Adabraka, wasu har daga unguwar Malam. An kira makaɗan Dagomba. Ni ina kan tabarma da sabon lalle, baƙi sun kewaye ni, na kai daidai inda nake cewa "likita da kansa ya ja da baya," sai na ji kiɗa ya tsaya.

Na ɗaga kai. Farar riga, farar hula, fararen takalma da suka sha taɓon Nima. Sista Dede. A bayanta wani ƙaton dattijo riƙe da malafa a hannu. A bayansa kuma rabin unguwa, don tun daga bakin kwata suke tambayar gidan mai koko, kuma duk wanda ya nuna musu hanya sai ya biyo su.

"Amariya," ta ce, ko sallama babu, "ina kwalba?"

Na miƙe. Na gyara mayafi. Na yi magana da irin muryar da kuke jina da ita yanzu, a tsanake, don jama'a su shaida.

"Sista, ni ban taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Nawa na ɗauka, wanda Allah Ya halitta a jikina."

"Naka? Naka tun ranar aka tafi da shi!" Ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsanta, ta kama kansa. "Ga naka. Kamar wake. Waken ma wanda bai ƙosa ba."

Daga can ƙofar gida, cikin maza, na ji muryar maigida a sanyaye: "Na faɗa mata."

Sai dattijon ya matso. Sunansa Ata Kwei, mutumin Ga ne, tsohon direban babbar mota, ya tsinci Hausarsa a tashoshin hanyar arewa. Bai yi faɗa ba. Juyawa kawai ya yi ya nuna ƙeyarsa. Ga filasta faffaɗa, ga furfura ta kewaye ta. Na ji Mma Ayishetu ta ce, "Farin gashi!" ta toshe baki.

"Yarinya," ya ce, "nama nan, nawa ne. Yayana, irin wannan ya kashe shi. Likita ya ce in ba kwalba, ba a sani ko nawa ma haka. Kwana biyar abinci ba ya shiga. Ina ka sa shi?"

Ƙaton mutum, amma tsoron da ke idonsa na san shi, shi ne wanda na ji ranar da Baba Wanzam ya naɗe aska.

"Mun... mun binne."

"Kun me?" in ji Sista.

"Da likkafaninsa," in ji Gwaggo, wai ko hakan zai rage laifi.

Ban san wadda ta fara dariya ba. Na dai san ta fara daga wajen murhu, ta bi ta kan tabarmi, ta fita har ƙofar gida. Wata tsohuwa daga Mamobi ta riƙe ciki tana cewa, "Ƙwan agwagwa! Ƙwan agwagwa!" Da akwai rijiya a gidan nan da na shiga da ƙafata.

Sista ta ce a tono yanzu. Muka zagaya bayan ɗaki, taron suna gaba ɗaya ya biyo mu, mai jego ma ta leƙo ta taga da jaririya a hannu. Ashe a nan aka ɗaure ragon suna tun jiya, ya tattake wurin, ya ture dutsen. Maigida ya kawo fartanya, ya miƙo mini ita a hannu.

Gwaggo ta nuna wani wuri. Na tona, na tona, babu. Ta ce a'a, ta tuna, ɗan gaba ne. Na kai sara biyu sai ta kurma ihu, "Tsaya! Nan cibiyar babban ce!" Na mayar da ƙasa. Ina haƙa rami na uku, gumi yana shiga idona, ɗinkin baya yana ja, sai na ji wani abu a hankali, dum, dum, dum. Ɗaya daga cikin makaɗan nan ne, Allah Ya yafe masa, ya ɗauki saran fartanyata yana bi da ganga. In na sara ya buga. In na tsaya ya tsaya.

A rami na uku farin ƙyalle ya bayyana. Sista ta karɓa ta warware, ta goge ƙasa, ta duba takardar, ta duba murfin.

"Allah Ya taimake ka ba ka buɗe ba. Da iska ya shiga ruwan ya zube, da shi ke nan."

Gwaggo da Mma Ayishetu da Bazabarma kowace ta sami abin kallo a sama.

Ata Kwei ya ɗauki ƙyallen yana juyawa, ya tambaya ko na mene ne. Mma Ayishetu, wadda ba a bar mata labari, ta zayyana masa komai, da addu'a, da shafawa, da sadakar ƙosai.

"Addu'a? Ni? Ni ɗan coci ne fa." Ya dubi Gwaggo. "Mma, shekara talatin ina tuƙi, mota ta faɗi da ni sau biyu, gidana ba wanda ya soya ƙosai."

"To ai ba dominka aka yi ba," in ji Gwaggo. Ta yi ajiyar zuciya. "Amma ta riga ta tafi, ba a kiranta ta dawo. Ka riƙe."

Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu. Aka zuba masa tuwo da naman suna, ya zauna cikin maza ya cinye tas, abincinsa na farko a kwana biyar. Maigida ya jira sai da suka tafi, ya tsaya a kan ramuka uku ya ce, "Shekara goma ina kawo nama gidan nan. Ban taɓa kawo na mutum ba."

Sati biyun nan na sha gaisuwa. Mace za ta miƙo kwanon koko fuskarta ba wasa ta ce, "Ina kwana Amariya, ya jikin Ata Kwei?"

Ranar komawa na iske shi a benci, ya matsa ya ba ni wuri. Ni aka fara kira. Likita ya duba takarda ya yi magana, Sista ta ce, "Naka mai lafiya ne. Ba daji ba. Ka je ka yi renon yaranka." Na yi hamdala har hawaye. Na fito na zauna in jira dattijo, don kunya ba ta bar ni in wuce ba.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna kusa da ni, ya ce nasa mugun ne, amma farkonsa ne, bai yi saiwa ba. Za su ƙara yanke gefen wurin, likita ya ce in an yi haka an tsare shi. Ya faɗa yana murmushi. Na tuna yadda muka aza dutse muka shafa addu'a muna jin mun yi abin kirki, alhali ran bawan Allah muka rufe a bayan ɗaki. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, yarinya. Ɓarawo na nama, amma ɓarawo mai ladabi."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan. In ya biyo ta Nima sai ya tsaya ya sha koko, ya aika a gaida Gwaggo.

Kafin in bar asibiti ranar, na ɗan raɓa wajen Sista na ce, "To yanzu da aka gama dubawa, wancan ɗan waken nawa..." Irin kallon da ta yi mini, sai na ce tambaya ce kawai. Gwaggo ta kai maganar gaban limamin unguwa, ya ce Wanda Ya halicce ni daga babu ba Ya neman taimakonta wurin tattara ni. Ta dawo tana cewa malaman Ankara sun cika sauƙi.

Daga baya an cire mini haƙori biyu, an yi mini aikin ido, na kwanta asibiti sau nawa ban ƙirga ba. Duk sanda na shiga, ina aza hannuwana biyu a kan cinya, a buɗe, inda kowa zai gani. Abin da na koya ke nan: abin da likita ya yanka na likita ne. Ni in tattara sauran in kai gida, in gode Allah da sauran ya fi yawa.